IDON DA KE CIKIN FITILA

Shafi na 14

Na ga saƙonninku, masu addu'a da masu mita duk na karanta. Ke kuma da kika ce Dinah ta cika tsoro, ki daure ki kai ƙarshen wannan shafin, sai ki faɗa min ke me za ki yi in ke ce.

*

Dinah ba ta ko gama kwance igiyar takalminta na asibiti ba ta ji ana dukan ƙofa. Ba ƙwanƙwasawa ba, duka da tafin hannu, kamar mai neman ɓalla ƙarfen.

Ta miƙe tsaye.

Tun da ta baro gidan iyayenta a Wusasa ta kama haya a saman wannan sabon benen na Tudun Wada, ba ta taɓa yin baƙon da bai fara kiranta a waya ba. Sauran 'yan hayar duk ma'aikata ne, sai bayan magariba suke dawowa. Da rana irin wannan, ita kaɗai ce a gidan.

"Wane ne?"

"Buɗe. Ni ce Hajo."

Ta saki ajiyar zuciya. Inna Hajo ce, tsohuwar da gidansu na ƙasa ke manne da katangar benen ta baya. Dinah ce ta yi ta wanke mata ciwon ƙafa da damina har ya warke, tun daga lokacin tsohuwar ba ta dama fura ba ta aiko mata ba.

Ta buɗe da fara'arta.

"Inna, ke da kanki kika hawo bene da wannan gwiwar? Ai da kin aiko kawai, ni sai in sauko. Ina wuni?"

Inna Hajo ba ta amsa gaisuwar ba. Ta shigo tana dogara sandarta, tana haki. A bayanta jikarta Juwairiyya ce, wadda ake shirin bikinta bayan Sallah. Ta ja hijabi har kan hanci, idanunta sun kumbura sun yi jawur.

"Rufe ƙofar," in ji Inna.

Dinah ta rufe.

"Ku zauna mana. Bari in kawo ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba."

Tsohuwar ta tsaya a tsakiyar falon, ta dubi tayil ɗin da ke sheƙi, ta dubi labulaye, sannan ta tsayar da ido a kan Dinah.

"'Yar nan, me muka yi miki?"

"Ni, Inna?"

"Ke fa. Kin zo unguwar nan ba mu san ki ba, ba mu san iyayenki ba. Mutane suka yi ta magana, wai budurwa ita kaɗai a bene. Ni na tsaya na ce a bar yarinya, aikin ceton rai take yi. Na ɗauke ki kamar 'yar cikina. To me muka yi miki?"

"Inna, wallahi ban gane ba. Me ya faru?"

"Juwairiyya, nuna mata."

Juwairiyya ta fito da waya daga cikin hijabi. Ta miƙa ba tare da ta ɗago kai ba.

Dinah ta karɓa.

Hoto ne. Juwairiyya ce a tsakar gidansu, tsugune a bakin rijiya da ɗaurin ƙirji, gashinta a kwance tana wanke kai. Dinah ta goga yatsa a kan wayar, wani hoton ya fito. Ta sake gogawa, ga wani. Duk a cikin gida, inda babu idon namiji, inda mace ke sakewa yadda take so.

A ƙasan hotunan an rubuta: Ki fasa auren nan, ko dangin mijinki su ga sauran.

"Ya Ubangiji," Dinah ta faɗa a hankali. "Wa ya turo miki?"

"Ban san lambar ba, Anti."

"Duba da kyau," in ji Inna Hajo. "Daga ina aka ɗauka?"

Dinah ta sake dubawa. Ana ganin saman soron gidan, ana ganin kan bishiyar darbejiya, ana ganin cikin turmi. Wanda ya ɗauka daga sama yake.



"Da ake ginin benen nan," Inna ta ci gaba, "dattawan unguwa suka je wurin mai unguwa, suka ce ba su yarda a buɗe taga ta kalli gidajen mata ba. Aka toshe duk tagogin baya. Guda ɗaya aka bari, wai don hayaƙin girki. Kin san ta wace ce?"

Dinah ta sani. Tagar kicin ɗinta ce.

"Inna, ki saurare ni..."

"Ina saurare."

"Allahn da ya halicce ni ya halicce ku shi ne shaidata, ban taɓa ɗaga waya a tagar nan ba. Me zan yi da hoton Juwairiyya? Ni ce fa na raka ta wurin tela."

"To aljani ne?"

Dinah ta juya wurin Juwairiyya.

"Yaushe kika wanke kan nan?"

"Ranar Talata, da hantsi."

"Duk satin nan aikin safe nake yi, Inna. Kina jin fitata tun da asuba, har kina min addu'a ta katanga. Da hantsi ina ɗakin haihuwa."

"To wa kike bari a gidan? Saurayi gare ki da yake zuwa in kin fita?"

"Babu kowa. Ko ƙanena Charles sau ɗaya ya taɓa zuwa, ranar da ya kawo min katifa."

Inna Hajo ta yi nazarin fuskarta. Can ta matso kusa, ta rage murya.

"Bari in gaya miki abin da ya sa na hawo da kaina. Ubanta Mika'ilu bai sani ba. Yayyenta maza ba su sani ba. Ni ma yau na tarar da ita a bayan ɗaki tana kuka, ga maganin ɓera a gabanta."

Juwairiyya ta fashe da kuka, ta durƙushe a ƙasa.

"In samarin gidana suka ga hotunan nan, ba za su tsaya tambayarki ranar da kika je aiki ba. Kin san yadda magana take tashi a unguwa. Kafin a gane gaskiya, an yi abin da ba ya gyaruwa. Shi ya sa na ce bari in zo in ji daga bakinki."

Dinah ta sunkuyar da kai. Ta tuna fuskar babanta ranar da ta kwashe kayanta, yana tsaye a ƙofar gida yana cewa ta sake tunani. Ita kuwa ruwan famfo, wutar sola da intanet kyauta sun rufe mata ido, ga shi asibitin da ƙafa take zuwa.

Ta nuna ƙofar kicin.

"Ku zo mu duba tagar."

Suka shiga kicin. Dinah ta zuge gilashin. Ƙarar injin markaɗe na maƙwabta ta shigo tare da ƙamshin attarugu. Ga tsakar gidan su Inna nan a shimfiɗe, kaji na tonon ƙasa a gindin darbejiya, an shanya zannuwa a igiya.

Ta ɗaga wayar Juwairiyya, tana kallon hoton tana kallon waje.

"Inna, duba. Tagar nan da ƙarfe a jikinta. Duk wanda ya tsaya a nan, sai ƙarfen ya fito a hoto. A nan kuwa babu shi."

"Ni ban san wannan ba."

"Kuma daga nan ba a ganin cikin turmi. Sai an fi nan tsawo."

Juwairiyya ta share hawaye ta leƙo.

"Gaskiya ne, Inna. Daga can sama ne."

Su duka suka ɗaga kai.

A saman tagar, ta waje, akwai fitilar tsaro. Farin ƙwai ne mai faɗi, a maƙale yana kallon ƙasa.

Dinah ta jawo kujera 'yar tsugunno ta hau. Ta zura hannu ta tsakanin ƙarfen, ta miƙe har kafaɗarta na ciwo. Yatsunta suka taɓa ƙwan.

Da ɗumi. Fitilar a kashe take tun safe, amma da ɗumi.

Ta murɗa a hankali har ya fita, ta sauko da shi. Ya fi ƙwan fitila nauyi. A tsakiyarsa akwai wani ɗan baƙin ɗigo mai sheƙi, kamar idon kifi.

Juwairiyya ta dafe ƙirji.

"Kyamara ce. Anti, wallahi kyamara ce. Na taɓa ganin ana tallar irinta a waya. Mutum yana zaune ko'ina yana kallon komai."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna Hajo. Ta kama hannun Dinah. "'Yar nan, ki yafe min. Zafin zuciya ne ya sa na..."

Dinah ba ta jin ta.

Idonta na kan silin ɗin kicin.

Farin ƙwai mai faɗi. Baƙin ɗigo a tsakiya.

Ta zare hannunta daga na Inna, ta fita kamar wadda ake ja da igiya. Falo. Ta ɗaga kai. Ga shi nan, saitin kujerar da take kwanciya in ta dawo aiki a gajiye.

Ta tura ƙofar ɗakin kwana. Ga shi nan, saitin gado.

Ta tsaya a bakin banɗaki. Hannunta ya kai kan mariƙin ƙofar ya dawo. Ta sake kai shi.

"Anti, kar ki duba," in ji Juwairiyya daga bayanta.

Ta buɗe.

Ga shi nan.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta wanda ita kanta ba ta san tana da shi ba. Ta rungume jikinta da hannu biyu, tana jan wuyan rigarta sama, alhali a rufe take ruf da kayan aiki. Duk watannin nan. Wankanta, barcinta, addu'ar da take yi a durƙushe gaban gado, kukan da ta sha ranar da jariri ya mutu a hannunta. Ashe ba ita kaɗai ba ce a ɗakin.

Ta sunkuya ta yi amai a bakin ƙofar.

Inna Hajo ta cire mayafinta ta lulluɓe ta da shi har kai, ta jawo ta falo ta zaunar.

"Yi haƙuri. Yi haƙuri, 'yata. Allah ya isar muku. Wa ya saka fitilun nan? A haka kika same su?"

Dinah ta ɗaga kai daga cikin mayafin.

"Ranar da na tare... ya ce min kar in taɓa canza ƙwai da kaina. Wai na sola ne na musamman, in na sa wani zai ƙona injin gidan gaba ɗaya. Ya ce ko ɗaya ya mutu in kira shi."

"Wa?"

"Mai kula da gidan. Shi Alhajin da ke da benen yana Abuja, ban taɓa ganinsa ba. Komai a hannun Suhaibu yake."

Sandar Inna Hajo ta suɓuce ta faɗi a kan tayil.

"Suhaibu? Suhaibu ɗan Ladi?"

Juwairiyya ta toshe baki da hijabi.

"Ba zai yiwu ba," in ji tsohuwar, tana girgiza kai. "Ni na yanke masa cibi. Nan inda muke zaune, a ƙasan nan ɗakin uwarsa yake. Gidan kakansa ne, tun zamanin da ake saukar da fatake a zaurensa. Da uban ya rasu magada suka sayar, aka rushe aka yi benen nan, shi kuma Alhajin ya bar shi yana kula da shi. Yaron da ke gaishe ni har ƙasa?"

"Inna..." Juwairiyya ta kira ta da ƙyar.

"Mene ne?"

"Kin tuna da ya turo a nemi aurena, Baba ya ce a'a?"

"Na tuna. Ai ya haƙura."

"Bai haƙura ba. Ranar da aka kawo kayan sa rana ya tare ni a lungu. Ya ce in dai yana numfashi a Tudun Wada, ba wanda zai ɗauke ni daga gidanmu."

"Kika yi shiru?"

"Tsoro na ji. Na ɗauka baki ne kawai."

Dinah ta miƙe. Ta ɗauki ƙwan da ta cire ta jefa a aljihun rigarta.

"Mu tafi. Yanzu. Mu kai wa 'yan sanda wannan. Inna, ki kira Malam Mika'ilu ya same mu a can."

Juwairiyya ta riƙo ta, ta nuna silin da ido, ta yi raɗa.

"Anti, irin wannan har murya take ɗauka."

Dinah ta kalli ƙwan da ke samansu.

A daidai lokacin ne wayar Dinah ta fara ruri a kan tebur.

Ba wadda ta motsa. Wayar ta yi ta kuka tana zagaya kanta a kan gilashin. Daga inda take tsaye Dinah na iya karanta sunan.

Suhaibu Mai Kula da Gida.

Kiran ya katse. Wani ya sake shigowa.

"Amsa," in ji Inna Hajo. "Ki buɗe mu ji."

Dinah ta danna, ta buɗe muryar.

"Sista Dinah, sannu da dawowa. Ya aiki?"

Muryarsa a sanyaye, irin wadda yake gaishe ta da ita kullum a bakin get.



"Ai na gaya miki kar ki taɓa fitilun nan. Ga shi har kin ji ciwo a hannu."

Dinah ta dubi hannunta. Ƙarfen taga ya karce ta a gwiwar hannu, jini na tsattsafowa. Ita ba ta ma lura ba.

"Ki ce da Inna ta zauna, ƙafarta na ciwo. Sandarta na nan ƙarƙashin tebur."

Inna Hajo ta fizge wayar.

"Suhaibu! Kai ne? Kai ne da wannan aikin? Ba ka ji kunyar kabarin uwarka ba?"

"Ina wuni, Inna."

"Kar ka gaishe ni, la'ananne!"

"To, Inna. Ai kun saba ƙin amsa gaisuwata. Ranar da kawuna ya zo zaurenku neman aure, ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba. Aka ce ni ba ni da gida, ba ni da sana'a, mai gadin gidan ubana ne. Kina ciki kina ji, ba ki ce komai ba."

"Shi ya sa za ka tozarta yarinya? Ita wannan baiwar Allah da ta kama haya fa, me ta yi maka?"

"Sista ba ta yi min komai ba. Kuma ba zan so abin da nake da shi nata ya fita ba. Akwai lambar babanta a wurina, akwai ta shugabar asibitinsu, har ta matan cocinsu ina da ita."

Dinah ta matso kusa da wayar.

"Me kake so?" ta tambaya. Muryar ba ta yi kama da tata ba.

"Abu mai sauƙi. Ki mayar da ƙwan inda kika cire. Ki taimaka wa Inna ta sauka, bene ba na tsofaffi ba ne. Juwairiyya ta tsaya. Magana kawai zan yi da ita."

"Sai dai bayan raina," in ji Inna Hajo.

"Ba da ke nake ba, Inna. Sista, kin ji ni? Ke ba ruwanki a ciki. Ki fita, in goge naki gaba ɗaya, ki ci gaba da zamanki lafiya. Ba wanda zai taɓa sani."

Juwairiyya ta zuba wa Dinah ido. Hawaye kawai ke zuba.

Dinah ta ɗaga kai ta kalli baƙin ɗigon da ke silin. Ta tsayar da idonta a kansa.

"Ba zan mayar ba. Kuma ba inda zan je in bar ta."



"To shi ke nan," ya ce, ya kashe.

"Kira Babanki," Dinah ta ce da Juwairiyya. "Yi sauri."

Juwairiyya ta danna, ta kara a kunne, ta sake dannawa.

"A kashe take. An shiga sallar la'asar, duk suna masallaci."

Dinah ta ruga tagar kicin ta ƙwala kira iya ƙarfinta. Ba kowa a tsakar gidan sai kaji. Injin markaɗe ya haɗiye muryarta, ko ita kanta da ƙyar ta ji.

Sai suka ji ƙarar get daga ƙasa. An buɗe, an mayar an rufe, an zura kwaɗo.

Takun ƙafa a kan matakala. Ba gudu, ba sauri.

"Ashe yana kusa," in ji Juwairiyya, tana ja da baya har ta haɗu da bango. "Anti, ashe yana ƙofar gida."

"Yana da makulli?" Inna ta tambaya.

"Yana da na kowane ɗaki."

"Sa sakata!"

Dinah ta faɗa kan ƙofar, ta kai hannu sama inda sakatar take, wadda da hannunta ta zare ta yau da asuba za ta fita.

Yatsunta suka shafi ƙarfe a sulɓe.

Babu sakata. Ramukan kusoshinta kawai suka rage.

Takun ya tsaya a bayan ƙofar.

Inna Hajo ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki sandarta. Ta ture Dinah baya, ta tura Juwairiyya bayan Dinah, ta tsaya a gabansu kanta ba mayafi, furfurarta a waje.

"Salamu alaikum," in ji murya daga waje.

Makulli ya shiga ya juya.